Katun ɗin minti ɗaya ya ci mini azumi guda

Jiya da azahar wani yaro da bai kai ɗana na fari a haife ba ya dube ni tsakar ido, a cikin ofishin da na tabbata da kuɗina aka biya hayarsa, ya ce mini: "Mama, wannan aikin fa ba dakan gyaɗa ba ne." Da maganar na kwana, da ita na tashi. Shi ya sa na ce bari in zo nan in amayar, don idan na ci gaba da haɗiyewa hawan jini ne zai kama ni a banza.

Garin kunun gyaɗa nake yi a Tudun Wadan Gombe, da yajin daddawa da garin ɗanwake. Shekara tara ke nan. Mata shida ke aiki tare da ni, daga mai gyaran gyaɗa zuwa mai tankaɗe da mai liƙe leda. Ba na nuna fuskata a intanet. Maigida ba ya so, ni ma ba na so, matan nan kuma ba zan ɗora musu waya a ka suna aiki in watsa wa duniya ba. Sai ƙanwata ta ce, "Adda, me zai hana a yi miki tallan katun? Zane ne mai motsi, ba fuskar kowa." Na ga shawarar ta yi ma'ana. Abin da nake so bai da yawa: uwa sanye da hijabi tana dama kunu da asuba, yara na jira da kofuna, a nuna ledarmu da lambar waya. Minti ɗaya. A sa a WhatsApp da Facebook kafin watan azumi, don duk mai wannan sana'a ya san cinikin shekara a watan yake.

Kada wani ya ce ban bincika ba. Wuri uku na tuntuɓa. Na Legas suka turo mini takardar tambayoyi da Turanci shafi biyu, da farashin da ya haura miliyan ɗaya da rabi, na rufe wayar na sha ruwa. Na Kano suka ce dubu 600, amma sai na jira wata biyu. Na nan gida kuwa suka ce dubu 350, sati uku an gama, har suka nuna mini ayyukan da suka ce su suka yi, masu kyau kamar na gidan talabijin. Na ce ai na gida ya fi, in wani abu ya taso zan hau keke in je in same su, kuɗina ma ya zauna a garinmu. Ranar 10 ga Disamba 2024 na tura kafin alƙalami, kashi 70 cikin ɗari, naira dubu 245. Kuɗin buhunan gyaɗar da zan ajiye ne na taɓa.

Ba yau aka fara yi mini ba, shi ne abin da ya fi ƙona mini rai. A 2021 mai buga tambari ya juya mini lambobi biyu a lambar waya, na liƙa wa leda dubu biyu kafin wata baiwar Allah ta ce ta kira wani mai gyaran babur ya ɗauka. A 2023 wani da ya ce shi gwanin tallan Facebook ne ya karɓi nasa rabon ya toshe ni. Kowane lokaci sai a ce mini in bar wa Allah. Na bari, na bari, har na fara jin kunyar yawan abin da nake bar masa.

Sati uku suka zama shida. Yau ba wuta, gobe kwamfuta ta ƙi tashi, jibi mai zanen ya tafi biki Kaltungo. Azumi ya kama 1 ga Maris, ba bidiyo. Goman farko ta wuce, ta tsakiya ta wuce. Sai ranar 27 ga azumi, lokacin da mutane suka koma zancen ɗinkin Sallah da cincin, aka turo mini abin.

Jama'a, Baturiya ce. Mai jan gashi har gadon baya, da ɗan siket, a wani kicin mai firji kamar ƙofar banki, tana zuba madara a kan wani abin da ko kusa bai yi kama da kunu ba. An ɗauko hoton ledata an manna a gefe yana rawa. Rubutun da ya fito, inda ya kamata a ga "gyaɗa", sai ga akwati mai kusurwa huɗu a madadin harafin ɗ, haka ma a "ƙarfi" da "ɗanɗano". Muryar kuwa ta inji ce, tana karanta Hausa kamar wanda aka shaƙe. Ta kasa jan wasalin "gari" na tuwo da kunu, sai ta faɗe shi irin gari na mazaunin mutane. Wato tallan da na biya dubu 245 yana kiran jama'a su zo su sayi garinmu, Gombe ɗungurungum, da Sarki da fada. Ƙanwata ta yi dariya har da hawaye. Ni ban yi ba.

Na bari aka yi Sallah, na yi ta kira ba a ɗauka. Jiya na hau keke a cikin zafin nan da kuka sani, na hau benen. Na yi sallama. Su uku ne a ciki, fanka na juyawa, janareta na ruri a ƙasa. Babu wanda ya amsa da ƙarfi. Shi ogan, wanda a Disamba yake tashi ya ba ni kujera yana "Hajiya, sannu da zuwa, a kawo ruwa?", yana zaune da abin sauraro a kunne yana latsa waya. Na tsaya a kansa kusan minti biyu kafin ya zare ɗaya, ɗaya kawai, ya ce, "A'a, Mama, ke ce?" Kun ji fa. Kafin kuɗi Hajiya, bayan kuɗi Mama.

Na ce, "Ɗana, na zo a kan aikin nan ne. Ba abin da muka yi magana ba ke nan."

Ya ce, "Me ya samu aikin?"

Na ciro waya na kunna masa. Na ce, "Wannan matar, a wace unguwa take a Gombe? Bolari ko Jekadafari?"

Na kusa da shi ya ƙunshe dariya. Shi kuwa ya jingina da kujera ya ce wai haka ake yi yanzu, wai shi ne "intanashinal standad", wai in mutane suka ga Baturiya za su ɗauka kayan na waje ne. Na ce ni ba na so a ɗauka kayana na waje ne, gyaɗar daga kasuwar ƙauye nake saro ta, ina alfahari da hakan. Na ce to rubutun fa, ina haruffan Hausa suka tafi? Ya ce laifin "font" ne. Na ce shi Malam Font ɗin a kira mini shi, tunda shi ma da alama ya ci daga kuɗina. Na ce muryar fa, duk matan da ke gidajen rediyon garin nan babu wadda za a ba dubu goma ta karanta layi huɗu? Ya ce wannan ba ya cikin "fakej" ɗina.

Daga nan ya fara zubo Turanci kamar an buɗe famfo, renda kaza, rizolushin kaza, yana yi yana kallon abokansa. Na bar shi ya gama. Na ce, "Duk na ji. A gyara, ko a dawo mini da rabin kuɗina." Sai ya yi wannan murmushin na gefen baki, ya ɗaga hannu kamar mai koyar da 'yan aji ɗaya, ya ce, "Mama, wannan aikin fa ba dakan gyaɗa ba ne. Ba kowa ke gane shi ba. In gyara kike so, sabon kuɗi ne." Ya mayar da abin kunnensa.

Wallahi sai da na ji ƙafafuna sun yi sanyi. Dakan gyaɗa. Da dakan gyaɗar na biya shi. Da shi na kai yara uku makaranta, ɗaya na jami'a yanzu. Kuma dakan gyaɗa yana da ƙa'ida: in na ce wa mai saye kilo ɗaya ne, kilo ɗaya zai tarar, ba na cika masa da garin rogo in ce intanashinal standad ne. Duk wannan a zuci na faɗa. A fili kuwa na ce, "Allah ya isa," na sauko, har na manta ban karɓi canjin mai keke ba.

Da daddare ɗana ya zauna ya yi bincike. Matar nan mai jan gashi tana nan a wani shafin da ake sauke shiryayyen katun a canza rubutu kawai, aikin da bai wuce yini ɗaya ba. Ayyukan da suka nuna mini a Disamba ma, biyu daga ciki ya gano su a YouTube da sunan wasu mutanen wata ƙasa. Sai na koma na buɗe takardar 'yan Legas da na raina. Ashe abin da suka jera shi ne aikin: a fara rubuta labarin ki amince, a zana shi a takarda fage bayan fage ki gani ki amince, a zana mutanen da kayan jikinsu, a ɗauki murya, sannan a sa motsi. Biya kashi-kashi, gyara sau biyu kyauta, duk a rubuce. Ɗana ya ce katun na gaske hoto 24 ne ke wucewa a daƙiƙa ɗaya, minti ɗaya hoto 1,440 ke nan, ko da yake masu zane kan rage su maimaita wasu. To da gaskiyar yaron, ba dakan gyaɗa ba ne. Matsalar ita ce shi ma bai yi ba. Ni kuma wautata, ko takardar yarjejeniya ban nema ba, sai shaidar tura kuɗi da saƙonnin murya.

Amma ku tsaya, don ba shi kaɗai zan tsine wa in tashi ba. Me ya sa "ba wuta" ta rufe mini baki wata uku? Saboda gaskiya ce a garin nan. A watan Afrilun 2024 aka lalata turakun layin da ke kawo wuta daga Jos zuwa Gombe, muka yi makonni a duhu, mu da Yola da Jalingo. A Oktoban shekarar kusan Arewa gaba ɗaya ta sake shiga duhu fiye da mako guda. Ga madatsar Dadin Kowa nan kusa da mu, an ce megawat 40 take bayarwa, amma ni da injin niƙa na sai dizal. Tun da aka cire tallafin mai a 29 ga Mayu 2023, litar fetur da muke saye ƙasa da naira 200 sai da ta haura dubu. Dala ta tashi daga ɗari huɗu da wani abu ta wuce 1,500, su kuma manhajojin zane irin na Adobe da dala ake biyansu. Farkon 2025 aka amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50. A irin wannan ƙasa, mai gaskiya da macuci uzurinsu iri ɗaya ne, kalma da kalma. Ta yaya zan bambance su? Gwamnati ta ɗinka wa kowane ɗan damfara rigar fakewa, kyauta.

Kuma kullum muna jin sanarwa. A 2022 aka zo aka ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, tsakaninmu da Bauchi, aka ce arziki ya zo. A 2023 aka ƙaddamar da shirin sama da dala miliyan 600 na tallafa wa matasa masu fasahar zamani da ƙirƙira, aka kuma ce za a horar da mutum miliyan uku. Madalla. To ina yaron da aka koya wa zana mace da hijabi tana riƙe da ludayi? Ina wanda aka koya wa cewa Hausa tana da ƙ da ɗ da ɓ? Ana raba takardar shaida a ɗauki hoto da manya, yaro ya fito da kalmomin Turanci goma da raini buhu guda, ya buɗe ofis a bene.

Mu ma jama'a ba mu tsira ba. Mun ɗauka duk abin da ya yi kama da mu ƙauyanci ne, har ɗan Gombe na ganin kunun gyaɗa ba zai sayu ba sai Baturiya ta riƙe shi. Kuma in mace mai ƙaramar sana'a ta buɗe baki, kafin ta rufe an taru a kanta: ki yi haƙuri, yaro ne, ɗan gidan wane ne, kada ki ɓata masa suna. Sunansa ne abin tausayi, buhunan gyaɗata ba su da dangi. In ka ce kotu, kuɗin lauya da zirga-zirga sai sun ninka abin da kake bi. Da safen nan har wata 'yar uwa ta kira ni tana cewa in ɗauka sadaka na yi. Sadaka ga mai janareta da fanka?

Ina cikin rubuta wannan saƙo ya shigo daga lambar ofishin. Na ɗauka haƙuri za a ba ni. Na buɗe: "Salam Mama, muna tunatar da ke cikon kuɗin aiki, dubu 105. Da zarar kin biya za mu cire tambarinmu daga kan bidiyon." Har da hoton hannu biyu na addu'a a ƙarshe.