Matan da ke bin hanyar Illela

Na ji daɗin wani rahoto da na ci karo da shi a kan wata masaniyar zamantakewa da ta ƙarar da rayuwarta wajen kare haƙƙin mata 'yan ci-rani, domin matsalar tana ƙofar gidanmu. Wanda ya je tashar Illela a Sakkwato da sassafe zai ga mata da goyo a baya, ƙullin kaya a ka, waɗansu sun tsallako daga Birnin Konni neman aikatau, waɗansu kuma dillalai sun yi musu romon baka cewa za a kai su Saudiyya. Can kuwa, a ƙarƙashin tsarin kafala, zaman 'yar aiki yana hannun ubangidanta, wanda sau da yawa shi ke riƙe fasfonta. Ba mu manta da gawarwaki 92 da aka tsinta a hamadar arewacin Nijar a Oktoban 2013 ba, galibinsu mata da yara masu nufin Aljeriya.

Ina roƙon malamanmu na sashen nazarin zamantakewa a Jami'ar Usmanu Danfodiyo su haɗa kai da hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane, su zauna da waɗannan bayin Allah su ji ta bakinsu, musamman waɗanda aka dawo da su ba a biya su albashinsu ba.