Na tsawata wa ɗiyata don ta tambaye ni abin da ban sani ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Daren jiya na yi wani abu da har yanzu yake ci mini rai, shi ya sa na ce bari in rubuta ko wani zai tsira daga irinsa.

Bayan Magariba aka ɗauke kuran a unguwarmu, muka fito da tabarmi tsakar gida saboda zafi. Ɗiyata da ke ajin ƙarshe na firamare tana kwance kusa da ni, tana kallon yamma inda Zara ke sheƙi kusa da jinjirin wata. Sai ta ce, "Baba, mushenmu ya ce Zara ba tauraruwa ba ce, duniya ce irin tamu, hasken rana take arowa. Ya ce kuma ƙasa juyawa take. To in tana juyawa, don me ruwan randarmu bai zuba?" Ni kuwa ina danna waya, ko kaina ban ɗaga ba na ce, "Ke rufe mana baki da zancen nasara, kar ki je ki yi saɓo." Ta yi tsit. Can na ji ta ja zanenta ta rufe fuska.

Wallahi ba kishin addini ya sa na faɗi haka ba. Amsar ce ban sani ba, kuma na ji nauyin yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya ta gane babanta bai sani ba. Sai na jawo addini na lulluɓe jahilcina da shi. Astagfirullah.

Kuma na san ba ni kaɗai ba ne. Je ka zauna kowace fada a Maradi, daga Zariya har Ali Ɗan Sofo, ka bari a zuba shayi na biyu, sannan wani ya ɗauko zancen ko ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce ko dunƙulalliya. Nan take za ka ga malamai sun fito. Wanda bai iya kawo Baƙara ba zai yanke hukunci, wanda bai taɓa riƙe littafin lissafi ba zai ƙaryata lissafin shekara dubu, wani ya ce wane ya kafirta. Kafirta fa! Kalmar da manyan malamai ke jin tsoron furtawa, mu muna raba ta kamar goron suna. Mu da muke alfahari da mazhabar Imamu Malik, wanda aka ruwaito an yi masa tambaya 48 ya ce "ban sani ba" a 32 daga cikinsu. Shi limamin Madina bai ji kunya ba, sai ni mai shago?

Da safe kunya ta kai ni wurin wani maƙwabcina da ke koyarwa a lise. Na mayar masa da tambayar yarinyar kamar tawa ce. Ya yi murmushi, ina jin ya gane. Ya ce in tuna babbar motar Yamai idan ta hau kwalta mai kyau tana tafiya ba tangarɗa, ai mutum na iya riƙe kofin ruwa bai zuba ba, sai an taka birki ko an faɗa rami. Ƙasa kuwa tafiyarta ba birki ba rami, ga kuma ƙarfin da Allah Ya sa mata na jawo komai zuwa gare ta, har da randar da ruwan da iskar da muke shaƙa. Ya ce mu nan Maradi juyawar na tafe da mu fiye da kilomita 1,600 a awa guda, ba mu ji ko kaɗan. Amsar ke nan. Minti biyu ba ta ɗauka ba. A kan wannan na sa yarinya ta kwana tana zaton ta saɓa wa Ubangijinta.

Sai ya ƙara mini da abin da ni kaina na sani amma ban taɓa tsayawa na yi tunaninsa ba. Da azumi, 'yan Damagaram na riga mu shan ruwa, mu kuma mu riga 'yan Yamai da kusan minti 20. Kowa ya san haka, har waya muke yi muna tsokanar 'yan uwa da ke can. To me ya kawo hakan? Ƙasa na juya daraja 360 a sa'a 24, don haka kowace daraja ɗaya daga gabas zuwa yamma minti 4 ce, tsakaninmu da Yamai kuwa kusan daraja 5. Jadawalin sallar da ke cikin wayata, wanda nake dubawa kullum ba tare da gardama ba, da wannan lissafin aka gina shi. Ina cin tuwon ina zagin mai tuƙawa.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne kalmar "zancen nasara" da na yi. Tun wajen shekara 240 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) wani masani a Iskandariyya ta Masar ya auna inuwar sanda da tsakar rana, ya kwatanta da garin Aswan inda rana ke tsayawa tsaye a ka a ranar, ya fitar da kewayen ƙasa da kusanci mai ban mamaki. Yau an san kewayen ya kai kilomita 40,000. Halifa Ma'amun na Bagadaza ya tura masana cikin hamada su sake awon, wajen shekara ta 830. Albiruni, wanda aka haifa a 973, ya hau dutse a yankin da ke cikin Pakistan ta yau, ya auna yadda gefen sama ke sunkuyawa, ya lissafa girman ƙasa. Ibnul Haisam ɗan Basra ya nuna cewa haske ne ke shigowa ido, ba ido ke fitar da haske ba, kuma ya zauna ya rubuta shakkunsa a kan lissafin Batlamus, tsohon masanin taurarin da duniya ta riƙe tsarinsa fiye da shekara dubu cewa ƙasa ce a tsakiya komai na kewaya ta. Ibnu Shaɗir, da ya rasu a 1375, aikinsa ma tsayar da lokutan salla ne a masallacin Umayyawa na Dimashƙa, kuma masu bincike sun ga zanen lissafinsa ya yi kama ƙwarai da wanda Kofanikus, masanin taurari na Turai, ya fitar a 1543. Mai kula da lokacin kiran salla fa. Waɗannan mutane suna alwala, suna sujada, suna ɗaga kai su auna sama, ba su ga karo tsakanin biyun ba. Mu da muka gaji sunansu muka bar aikin, yanzu in ɗanmu ya kawo mana shi daga lakwal sai mu ce na baƙi ne.

Ku tuna husufin rana na 29 ga Maris 2006, da inuwarsa ta ratsa Nijar. Da hantsi gari ya rine, kaji suka rikice, masallatai suka cika. An sanar da ranar da sa'ar tun kafin ta zo, kuma ba ta saɓa ba. Wasu a lokacin sun ce duba ne. Ba duba ba ne, lissafi ne, domin Wanda Ya halicci rana da wata Ya ce da lissafi suke tafiya. Sanin lokacin bai hana kowa sallar husufi ba, sai ma ya sa mutane suka yi alwala da wuri. Kuma ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu aka yi husufi, mutane suka ce don rasuwarsa ne, shi da kansa, cikin baƙin cikin rashin ɗa, ya gyara musu. Bai bar su a kan kuskure ba ko da kuskuren na girmama shi ne.

Kar 'yan boko su ji daɗi su ce yau an taɓa mutanen fada. Ku ma kuna da naku. Yaro ya yi shekara biyu a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ya ji an ce sararin samaniya na faɗaɗa, an gano haka wajen 1929, an ce shekarunsa biliyan 13.8, sai ya dawo gida yana yi wa tsohonsa kallon bagidaje. Sannu malam. Su masu binciken da kansu suna cewa kusan kashi 95 cikin 100 na abin da ke cikin sararin nan ba su san mene ne shi ba, suna dai ganin alamarsa ne. Sun sha gyara maganarsu kuma za su ƙara. Kai da ka haddace shafi uku don jarrabawa, ina ka samo wannan ɗagawar?

Amma yau kaina nake wa faɗa, da iyaye irina. Don Allah, in yaro ya tambaye ka, kar ka kashe shi da tsawa. Ka ce "ban sani ba, mu je mu tambaya." Ba ta rage maka komai. Kakanninmu ba su da madubin hangen nesa amma sun san sama, sun raɗa wa Kaza da 'ya'yanta suna, sun san Gamzaki na asuba. Ashe Gamzaki da Zara ma abu guda ne, wani lokaci ya fito da asuba wani lokaci da maraice, ni sai yau na ji. Maƙwabcina ya ce hasken Kazar nan da muke gani ya baro can fiye da shekara 400 da suka wuce, tun kafin Ɗan Kasawa ya zauna Maradi, sai yanzu yake isowa idonmu. Na rana ma sai ya yi minti 8 a hanya. Da na san wannan jiya, da ni da ɗiyata mun yi tasbihi tare a kan tabarmar nan. Da wace nasiha zan cusa mata girman Allah da ta fi wannan? Ita ce ke tafakkuri cikin halittar sammai da ƙasa, ni ina kallon bidiyo a Facebook, kuma ni na ce mata ta ji tsoron saɓo.

Iyaye mata, ku ma don Allah. "Yaro bai tambayar wannan" ta kashe basira da yawa a gidajenmu. Malaman allo, mushen lakwal, yayye, don Allah.

Da rana da ta dawo na kira ta, na ce, "Ɗiyata, jiya ban kyauta ba, ban san amsar ba ne." Na ɗauki kofi na cika shi da ruwa na yi tafiya a hankali tsakar gida ina gwada mata. Ta yi dariya, ta ce ta gane. Amma na lura ba ta ƙara tambayar komai ba, ko da na ce akwai saura? Ta ce babu.

Ku taya ni addu'a ta sake tambayata.