Zama Wuri Ɗaya Tsautsayi, In Ji Manaja

Teburin Mai Shayi, kusa da gadar Pen Cinema a Agege, bayan isha'i. Baba Maigadi yana zaune a gefen bencin da ya saba, inda katakon ya lotsa daidai girmansa. Sai ga Manaja da kwat da laktaye a wannan zafi na Ikko, katin aiki yana reto a wuya.

MANAJA: Mai Shayi, haɗa min mai kauri. Ƙwai huɗu.

MAI SHAYI: Huɗu? To, an sake sauya sheƙa ke nan.

MANAJA: Da la'asar na ajiye musu takarda. Litinin zan fara a Leki.

MAI SHAYI: Wancan ɗin ba watanka biyar ba?

MANAJA: Biyar da sati biyu. Ai na daɗe. Har mai shara ta fara sanin sunana.

BABA: Yaro, wai kai aiki kake yi ko tallan goro?

MANAJA: Baba, zamani ne. Yanzu albashi ba ya ƙaruwa a zaune. Ka zauna wuri ɗaya, ƙarshen shekara su ƙara maka abin da bai kai kuɗin burodi ba. Ka fita ka shiga wata ƙofar, nan take a ɗora maka. Shi ya sa a LinkedIn, dandalin masu neman aiki a intanet, ake cewa kada mutum ya wuce shekara biyu ko uku a wuri.

MAI SHAYI: To kai ka taɓa cika biyun?

MANAJA: Ni mai saurin fahimta ne. Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi.

BABA: Kifin da ya faɗi haka, a ina ka haɗu da shi? A kasko. Ni tun 1991 nake ƙofa ɗaya a Ikeja. Shekarar da Babangida ya kwashe gwamnati ya kai Abuja. Gwamnati guda ta tashi daga Legas, ni ban tashi ba.

Wannan magana Baba yana faɗinta kusan kullum, kuma kullum sai ya tsaya jiran a ce masa sannu. Mai Shayi ya ce sannu, don a wuce wurin.

BABA: Sau uku ana sauya ƙyauren gidan. Na katako, na ƙarfe, yanzu mai rimot. Ni ba a sauya ni ba. Na yi wa babban Oga gadi har Allah ya ɗauke shi. Ƙaramin Oga da ke biyana yanzu, ni na riƙe masa keke ya koya. Karnuka biyar suka mutu a hannuna.

ƊAN ACABA: Allah ya ba ka haƙurin rashi, Baba.

MANAJA: Nawa suke ba ka?

BABA: Ba a tambayar dattijo albashinsa.

MAI SHAYI: Dubu arba'in da biyar.

BABA: Wa ya aike ka?

MAI SHAYI: Ai ni nake cire maka a POS.

MANAJA: Dubu 45! Baba, tun Yulin 2024 Tinubu ya sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi, dubu 70. Sanwo-Olu ma ya ce ma'aikatan jihar Legas dubu 85. Kai kana ina?

BABA: Ina bakin ƙofa.

MAI SHAYI: Dokar ma ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Gidan su Baba daga shi sai kuku sai direba.

BABA: Kun ji ko. Doka ma ta san ni ɗan gida ne. Oga da bakinsa ya ce, "Baba, kai ba ma'aikaci ba ne, uba ne." Ana yi wa uba lissafi?

Duk wanda ya taɓa aiki a gidan mutane ko a ƙaramin kamfani ya san wannan kalma. Ranar da aka kira ka ɗan gida, ranar aka rufe littafin ƙarin albashinka. Ni dai ban taɓa ganin ɗan gidan da aka sa sunansa a rabon gado ba.

MANAJA: Ka taɓa neman ƙari kuwa?

BABA: Sau ɗaya. Wani irinka ya zuga ni, wai in ce musu na samu wani aikin a Ikoyi. Na je na faɗa. Oga ya yi shiru, ya ce, "Baba, za ka iya barinmu?" Sai na ji hawaye. Na ce ƙarya nake yi, a yafe min.

ƊAN ACABA: Aka yafe?

BABA: Aka yafe, aka ƙara min girma. Tun ranar ni ne Cif Sikiyuriti.

MANAJA: Mutum nawa ne a ƙarƙashinka?

BABA: A lokacin akwai kare.

Ya sa hannu a jakar buhun da ba ya rabuwa da ita, ya zaro agogon bango naɗe cikin tsohon rawani. Kowa a teburin ya san agogon. Zagayayye, bakinsa ruwan zinare, hoton marigayi Oga a tsakiya, an tsage wani rubutu daga ƙasa, da alama ragowar kyautar wani biki ne. Allurarsa tana kan ƙarfe goma da minti goma tun ranar da aka ba shi.

BABA: Na cika shekara 25 aka ba ni wannan. A gaban baƙi.

MAI SHAYI: Baba, ka sa masa batir mana.

BABA: Ya lalace? Abin girmamawa ba a wahalar da shi.

MANAJA: Fansho fa? Ni duk inda na je asusuna yana bi na. Dokar 2014 ce: a cire kashi 8 daga albashina, kamfani ya ɗora kashi 10. Ko sau ɗari na sauya aiki, lambata ɗaya.

MAI SHAYI: Nawa ya taru?

MANAJA: To, wurare biyu sun cire amma ba su zuba ba. Uku kuma sun ce sai na gama watannin gwaji.

MAI SHAYI: Ka gama?

MANAJA: Na kusa gamawa a ɗaya.

BABA: Ni fanshona fili ne a Ikorodu. Babban Oga ya yi min alkawari.

ƊAN ACABA: Ka ga filin?

BABA: Ya nuna min wajen da hannu, daga saman bene.

Mai Shayi ya juya ƙwai, ya goge hannu a gaban riga, ya jawo littafin bashi. Mutumin bai wuce aji huɗu na firamare ba, amma in lissafi ya shafi kuɗin wani, ko banki albarka.

MAI SHAYI: Manaja, nawa aka ƙara maka a sabon wurin?

MANAJA: Dubu 40 cif. Da muƙami: Shugaban Sashen Bunƙasa Hulɗa.

MAI SHAYI: Mutum nawa ne a sashen?

MANAJA: Yanzu za a kafa shi.

BABA: Ko kare babu?

MAI SHAYI: Bari, Baba. Da kana Ikeja, danfo ɗaya ka isa. Yanzu Agege zuwa Oshodi, Oshodi ka hau gadar Third Mainland zuwa Obalende, Obalende zuwa Leki. Zuwa da dawowa, nawa zai ƙaru a rana?

MANAJA: Kamar dubu biyu da ɗari biyar.

MAI SHAYI: Kwana 22. Dubu 55 ke nan. An ƙara maka arba'in, kwandasta ya karɓe hamsin da biyar. Ashe kwandasta aka yi wa ƙarin girma.

MANAJA: Ai zan koma can da zama.

MAI SHAYI: Leki? Hayar shekara a dunƙule, ga kuɗin ejan, ga na yarjejeniya, ga na "ko za ka fasa wani abu". Sai dai ka kama ɗaki a cikin ruwan.

MANAJA: Kai ba ka gane ba. Ba kuɗin yau ake dubawa ba, tsani ake hawa. Wurin da zan je gaba, daga wannan albashin za su fara ciniki.

Gaskiya a nan Manaja bai yi ƙarya ba, domin kuwa haka kamfanoni suke yi: kuɗin da suka hana tsohon ma'aikaci, shi suke miƙa wa baƙo da hannu biyu. Sai dai tsanin Manaja a kwance yake. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 yake gudu, farashi yana gudu, kuma farashin ba ya tsayawa a gosulo.

ƊAN ACABA: Ku kuna da zaɓi ma. Ni gwamnati ce take sauya min aiki. Yunin 2022 aka hana acaba a Ikeja da Surulere da Apapa da su Eti-Osa, aka kwashe min babur. Na koma dako a Mile 12, na koma tura ruwa, yanzu ina wankin mota. Ko takarda ɗaya ban rubuta ba.

MANAJA: Ka ga wannan, da za a rubuta shi da kyau, gogewa ce a fannin sufuri da rarraba kaya.

ƊAN ACABA: A rubuta a ba ni babur ɗina.

Manaja ya buɗe jaka zai ciro caja, sai ga igiyoyin katin aiki sun biyo hannunsa a cukurkuɗe, shuɗi, ja, kore, kamar mai sayar da carbi a bakin masallaci. Baba ya ƙirga da ido. Bakwai.

BABA: Duk wannan, akwai inda in ka mutu za su zo jana'iza?

MANAJA: Za su sa a guruf.

BABA: Ni Oga da kansa zai zo.

MAI SHAYI: Zai zo karɓar rimot.

MANAJA: Baba, tsakani da Allah. Yaron nan da aka kawo muku kwanan baya daga kamfanin tsaro, mai yunifom, nawa ake ba shi?

BABA: Dubu 90.

Teburin ya yi tsit. Har butar shayin ta daina kuka.

MANAJA: Ka sani?

BABA: Ni na koya masa aikin. Ko kunna janareta bai iya ba.

MANAJA: Ninkin naka! Kuma hankalinka kwance?

BABA: Shi ƙofar baya aka ba shi. Ta wajen shara. Duk baƙon da ya zo gidan nan, fuskata yake fara gani. Wani sanata ya taɓa ce min "Baba, yaya aiki?" Ka je ka tambayi yaron ko akwai wanda ya taɓa gaishe shi in ban da masu kwashe bola.

MANAJA: To ka ajiye aikin, ka sake nema ta kamfanin. Dokar ƙwadago ta ce wanda ya shekara biyar a wuri, notis ɗin wata ɗaya ne. Wata ɗaya kawai, ka dawo da dubu 90.

BABA: Wata ɗaya? Ƙofar da na riƙe fiye da shekara talatin in sallame ta da wata ɗaya, kamar bazawara? Ko tafiya zan yi, sai na ba su shekara uku su shirya.

MANAJA: Su shirya me?

BABA: Zuciyarsu.

Wayar Manaja ta yi ƙara. Ya miƙe tsaye, ya gyara laktaye, muryarsa ta koma ta hanci. Ya yi minti biyu yana "yes sa", ya dawo yana murmushi.

MANAJA: Intabiyu. Laraba, a Apapa.

MAI SHAYI: Ba Litinin za ka fara a Leki ba?

MANAJA: Shi ya sa na ce musu Laraba. Mutum ya ɗan zauna tukuna, kada a ce ba shi da amana. Mai Shayi, rubuta, in alat ya shigo.

MAI SHAYI: Alat ɗin wane kamfani? Shafinka bakwai a nan, kowanne da sunan wurin da ka ce in jira albashinsa.

MANAJA: Buɗe na takwas.

Ya bi bayan wata danfo da gudu, kwat tana tashi. Baba ya kwance bakin aljihu, ya ƙirgo kuɗin shayinsa daidai, ya naɗe agogonsa a rawani.

BABA: Ƙarfe nawa?

MAI SHAYI: Tara da rabi. Ina za ka? Ba yau ne hutunka ba?

BABA: Hutu ne. Zan je in zauna a bakin ƙofar kawai. Yaron nan suka ce ya riƙe min ita yau, kada ta saba da shi.