Zawon jini da ya ƙi jin Flagyl, da maganar ƙwayoyin hanji da ta cika waya

Salamu alaikum 'yan uwa. Maganar ƙwayoyin hanji, wato bakteriya da sauran ƙananan halittun da ke zaune a cikin hanjinmu, ta zama yayi a Facebook da TikTok. Duk wanda ciki ya daɗe yana damu, sai ya sami mai ce masa ƙwayoyinsa ne suka lalace, ya sayi kwalbar probiotik, wato ƙwayoyin bakteriya masu rai da ake sha, ya gyara su. A ganina binciken da ake yi gaskiya ne, amma bai kai matsayin maganin cutar kumburin hanji mai daɗewa ba tukuna. Kuma mu a nan Yamai, abin da ya fi cutar da maras lafiya shi ne shekarun da yake kwashewa yana shan maganin da ba na cutarsa ba.

Cutar iri biyu ce. Ta farko, wadda likitocinmu ke rubutawa RCH a takarda, wato kumburin dubura da babban hanji mai zubar da jini, tana farawa daga dubura ta hau babban hanji ba tsallake, tana ɗaye fatar cikin hanjin kawai, shi ya sa jini da majina suke fita. Ta biyu ita ce cutar Crohn, wadda Burrill Crohn da abokan aikinsa biyu suka bayyana a 1932. Ita tana iya kama ko'ina daga baki zuwa dubura, ta ci nan ta tsallake can, ta huda kaurin hanji gaba ɗaya, har ta toshe shi ko ta buɗa hanyar ruwa kusa da dubura. A duka biyun garkuwar jiki ce ke yaƙi da ƙwayoyin da ya kamata su zauna lafiya da ita. Ba a ɗaukarta daga wani.

A 2001 aka gano cewa sauyi a ƙwayar gado mai suna NOD2, wadda aikinta gane bakteriya, yana ƙara haɗarin Crohn. A 2008 Harry Sokol da abokansa a birnin Pari suka nuna cewa waɗanda aka yi wa tiyatar Crohn, in bakteriyar Faecalibacterium prausnitzii ta yi ƙaranci a hanjinsu, cutar ta fi saurin dawowa. Wannan bakteriya tana cin dusar abinci ta mai da ita butirat, wanda shi ne abincin fatar babban hanji. Ana ta maimaita wannan sakamako: hanjin mai cutar yana da ƙarancin ire-iren ƙwayoyi, masu gudun iska sun ragu, dangin E. coli sun ƙaru. Sai dai kumburin da kansa yana shigo da iska da jini cikin hanji, su kuwa suna kashe masu gudun iska. Ke nan lalacewar ƙwayoyin tana iya zama sanadi, tana kuma iya zama sakamako, kuma mai tallar kwalba ba zai taɓa gaya maka wannan rabin ba.

Hanyar gwada maganar ita ce dashen bayan gida: a tace na mai lafiya a zuba a hanjin maras lafiya. A cutar Clostridioides difficile, wadda bakteriya guda ce ke jawo ta, abin ya yi aiki ƙwarai. A gwajin Amsterdam na 2013, mutum 15 cikin 16 sun warke, alhali 4 cikin 13 ne suka warke da antibiyotik ɗin vankomisin. Da aka zo kan RCH sai lissafi ya sauya. A Kanada a 2015, 9 cikin 38 ne cutarsu ta kwanta, a kan 2 cikin 37 da aka yi wa ɗurar ruwa zalla, kuma 7 daga cikin 9 ɗin nan daga mai bayarwa ɗaya suka samu. A shekarar dai wani gwajin a Amsterdam bai nuna bambanci ba. A Ostareliya a 2017 an haɗa na mutum 3 zuwa 7, aka zuba ta kyamarar hanji, sannan ɗura sau 5 a mako har mako 8, wato ɗura 40: 11 cikin 41 suka samu lafawa, a kan 3 cikin 40. A 2019 a Adelaide aka shirya dashen ba tare da iska ta taɓa shi ba, 12 cikin 38 suka samu lafawa, amma bayan shekara ɗaya mutum 5 ne kawai daga cikinsu suka rage a haka. Ku lura, ko a gwaji mafi kyau daga cikin waɗannan, biyu cikin uku cutarsu ba ta lafa ba. Shi ya sa ƙungiyar likitocin ciki ta Amurka a 2024 ta ce kada a yi dashen nan don RCH ko Crohn sai cikin bincike, kamar yadda ta faɗa a kan probiotik a 2020.

Kuma ba wasa ba ne. A 2019 wani maras lafiya a Amurka ya rasu bayan an dasa masa bayan gida mai ɗauke da E. coli da ba ta jin magani. A inda ciwon hanta na B, taifot da amiba suke da yawa kamar wajenmu, wanda ya kwaikwayi bidiyo ya yi wannan a gida, ya sayo wa kansa cuta biyu a kan ɗaya.

Yanzu mu dawo gida. Mutum ya ga jini, a ce zahi ne ko basir, a jiƙa masa sassaƙe. Bai daina ba, a ce atuni ne, ya sayi Flagyl wajen mai tebur, wata mai zuwa Cipro, na gaba Bactrim. Kowane zagaye yana ƙara share ƙwayoyin da ake cewa a gyara. In gaɓoɓi suka yi ciwo ya ƙara da diklofenak ko ibuprofen, waɗanda kan tayar da cutar. Zawon da ya wuce mako 4, mai jini, mai tayar da mutum cikin dare, ga rama da ƙarancin jini, ko gyambon baki, jan ido, ko ƙurji mai ruwa a dubura, ya wuce aikin mai tebur.

Amma kuskuren da ya fi wannan muni yana ɗaya ɓangaren, wato a yi saurin cewa RCH ce a ba da kortizon. In amiba ce ke cin hanjin, kortizon na iya sa ta huda shi cikin kwanaki. Tarin fuka na hanji kuwa yana kama daidai mahaɗar ƙaramin hanji da babba, inda Crohn ta fi so, har a kyamara suna kama da juna. Don haka tsarin aikin yana da muhimmanci. A kai bayan gida labo sau 3 a ranaku daban, kuma mai ruwa ya isa ƙarƙashin madubi cikin minti 30, domin amiba mai motsi tana mutuwa da wuri. Ganin ƙwanta kaɗai bai isa hujja ba, tunda Entamoeba dispar marar cutarwa kamarsu ɗaya da histolytica mai cutarwa. A yi shukar bayan gida, wato a rainar da bakteriyar cikinsa a labo, don neman Shigella da Salmonella, a nemi ƙwan tsargiyar hanji ga wanda ya zauna bakin kogi wajen Tilaberi ko Gaya, a gwada sida, a ɗauki hoton ƙirji. Gwajin kalprotektin, wanda ke auna alamar kumburi a bayan gida, in ya yi ƙasa da 50 da wuya a ce kumburi ne, amma hawansa ba ya bambanta amiba da RCH. Sannan kyamarar hanji, bayan an sha lita 3 zuwa 4 na ruwan wanki, a shiga har ƙarshen ƙaramin hanji, a tsinko nama aƙalla biyu daga wurare 5, har inda ido ya ga lafiya. Naman da za a nemi tarin fuka a cikinsa ruwan gishiri ake sa shi, in ya faɗa formol, ruwan da aka saba adana nama a ciki, shukarsa ta mutu. Wannan ƙaramin abu yana ɓata aiki mai tsada.

In an tabbatar, magungunan da aka gwada suna nan. RCH mai sauƙi, mesalazin giram 2 zuwa 4 a rana, da na cusawa giram 1 in dubura ce ta kamu. Sulfasalazin ya fi araha, a haɗa shi da folik asid. Prednizolon miligiram 40 ana rage shi a hankali cikin kamar mako 8, ba maganin zama ba ne. Kafin infliximab, allurar da ke danne garkuwar jiki, dole a nemi tarin fuka mai kwance da ciwon hanta na B, don yana tayar da su. Wanda ke fita da jini sau 6 ko fiye a rana ga zazzaɓi ko bugun zuciya sama da 90, kwanciya asibiti ce, kuma kada ya sha loperamid, maganin tsayar da zawo. Mai Crohn kuma ya bar taba.

Ba ina cewa mu bar wa Turawa binciken ba. Wani nazari na 2022 ya nuna fiye da 71 cikin 100 na samfuran ƙwayoyin ɗan Adam da aka san asalinsu daga Turai, Amurka da Kanada suka fito. Alhali a 2010, da aka kwatanta yaran ƙauyen Boulpon na Burkina Faso, masu cin hatsi, dawa da wake, da yaran Florence na Italiya, na Boulpon sun fi yawan Prevotella da sinadarai irin butirat. Wannan bai nuna fura ko kopto suna warkar da RCH ba, amma ya nuna hanjinmu daban ne, kuma yana sauyawa yayin da biredi, taliya da lemun kwalba ke maye tuwo a birni. Nijar ma ba baƙuwa ba ce a wannan fage: a gwajin MORDOR a jihar Doso, inda aka riƙa ba yara azitromisin sau biyu a shekara, an auna ƙwayoyin hanjinsu, aka ga Campylobacter ta ragu, rashin jin maganin kuma ya ƙaru.

Abin da zan so in ga jami'ar Abdou Moumouni, cibiyar binciken lafiya ta CERMES da manyan asibitocin Yamai sun haɗa kai a kansa shi ne rajista guda ta duk wanda nama ya tabbatar da cutarsa, da samfurin bayan gida tun kafin a fara magani, tare da rubuta duk antibiyotik da ya sha a watanni 3 na baya, da yardarsa a rubuce. Samfurin ya shiga sanyin digiri 80 ƙasa da sifili cikin 'yan sa'o'i, ko a zuba shi cikin ruwan adana ADN, wato sinadarin gado na ƙwayoyin, nan take. In ya kwana a zafin Afrilu, ko wuta ta ɗauke ya narke aka sake daskarar da shi, dangin E. coli za su hayayyafa a cikin kwalbar, sai sakamakon ya nuna mai lafiya kamar maras lafiya.