Mawus mai numfashi

Duk wannan jidalin ƙanina ne ya jawo min shi. Ni da PES da FIFA na taso a gidan gem na unguwa, fad a hannu, wanda aka ci ya biya. Sai da na samu wata laftof Beljiyam mai ɗan ƙarfi sannan yaron nan ya zo ya saka min Counter-Strike 2, wani gem ɗin harbi, wai ai kyauta ne a Steam, shagon gem na intanet, tun da ya fito a 2023, kyautar da ta lashe min datar wata guda kafin gari ya waye. To shi wannan gem ɗin ba a yin sa da fad, hagu tana kan kibod tana tafiya, dama tana kan mawus tana saiti da harbi, ni kuma mawus ɗina irin na ofis ne ɗan baƙi wanda aka ba ni gyara ranar da na sayi laftof ɗin. Kullum in na shiga kafin in ce kwabo an kashe ni, kuma yawanci da Turawa ake haɗa ni, wasu ranakun 'yan Rasha, ban iya yarensu ba amma zagi ko da wane yare ne jikinka zai gaya maka.

Ƙanina ya ce "Yaya, matsalar mawus ce." Wallahi na ji daɗin maganar nan, don ta wanke hannuna tas.

Daga nan na koma ɗalibin YouTube. A nan na gane ashe abin ilimi ne mai zaman kansa, wai mawus ɗin ofis sau 125 yake kai wa kwamfuta rahoto a cikin sakan ɗaya, na gem kuma sau 1000, wato kafin nawa ya gama sallama na abokin gaba ya shiga ya gaisa ya fito. Sai kuma DPI, wanda shi ne yawan ɗigon da kibiya take tsallakewa a sikirin in ka matsa mawus inci ɗaya, sikirin ɗina ɗigo 1920 ne a faɗi, ka ga in ka sa 8000 inci ɗaya tal ya isa ya ratsa shi sama da sau huɗu. Abin dariyar ma manyan 'yan wasan da ake biya albashi yawancinsu 400 ko 800 suke sakawa, manyan lambobin nan da ake rubutawa a kwali na jan hankalin irina ne. Suka kuma ce a auna hannu kafin a saya, don wani tafin hannunsa yake kwantarwa gaba ɗaya a kai, wani ya ƙanƙame yatsu, wani kuma da kan yatsu kawai yake riƙewa, kowa da girman da ya dace da shi. Na ɗauko tef ɗin ɗinkin madam na baje hannu a kan tebur ina aunawa daga wuyan hannu zuwa kan dogon yatsan tsakiya, ta shigo ta tsaya tana kallona ta ce "Abban yara, lalle za a yi maka?" Na ce bincike nake. Ta ce Allah ya ba da sa'a, in na gama in mayar mata da tef ɗinta inda na ɗauko.

Wanda duk masu bidiyon suke yabo shi ne Logitech G Pro X Superlight, mara waya, nauyinsa bai wuce giram 63 ba, kuma kowa yana nanata cewa a gem ɗin harbi mara nauyi shi ne sarki don hannu ba ya gajiya. Na duba kuɗinsa na rufe shafin a hankali na yi istigfari. Na leƙa Razer DeathAdder, na leƙa G502 mai maɓallai 11 wanda har ƙananan ƙarafa ake haɗo shi da su don mai son ƙarin nauyi, daga ƙarshe dai aljihu ya yanke hukunci a kan G102, ɗan talaka, maɓalli 6, waya, giram 85, da fitila mai canja kala. Ku riƙe lambar nan 85.

Ranar Asabar na zaga Farm Center na zaga Beirut, kasuwannin waya da kwamfuta na Kano, ina jin farashi, a ƙarshe na faɗa wani shago wanda ba zan faɗi inda yake ba. Ina cewa G102 mai shagon ya miƙe tsaye ya ce "Alaji ka san kaya." Ni da ban taɓa zuwa ko Jidda ba na ji kaina ya kumbura. Ya zaro kwali sabo fil, komai ya ji, tambari, hoto, har da ɗan sitika mai walƙiya. Ya ce dubu 28, na ce 12, ya ce albarka, ya rantse ko a kudu bai saro shi haka ba, na juya zan tafi ya riƙo hannun rigata, muka daidaita a 17. Na ce to amma orijina ne ko? Sai ya ciro shi ya ɗora min a tafin hannu ya ce "Alaji ɗaga ka ji. Jabu yana nauyi haka?"

To ga inda aka gama da ni. Mu nan tun muna yara abin da muka sani shi ne kaya mai kyau nauyi ne da shi, caja in ba ta da nauyi ba ma saya, batir sai mun jinjina, fawa bank sai mun jinjina duk da kowa ya san labarin masu ɗura musu yashi, har kankana jinjinawa muke. Duk karatun da na yi na cewa mara nauyi ake nema, ana ɗora min abin nan a hannu ya bi iska. Na jinjina shi, na gyaɗa kai, na ce "gaskiya ne, wannan ya ji ƙarfe." Ban san duba na yi ba.

Na iso gida na jona, fitila ta kama, shuɗi ya koma kore ya koma ja, yara suka taru ana tafi. Matsala ta farko, teburin falonmu na gilas ne, cikin kayan ɗakin madam ya zo, shi kuma idon mawus hoton abin da ke ƙarƙashinsa yake ɗauka ya gane motsi, a kan gilas ba ya ganin komai. Na sa littafin Islamiyyar yarinyata ya yi ƙarami, na sa kalandar wani ɗan takara tana santsi, daga ƙarshe katakon yankan albasa na ɗauko na goge na shimfiɗa masa tsohon ɗankwali na ɗaure ta ƙasa.

Na shiga Dust 2, ɗaya daga cikin filayen dagar gem ɗin, da ƙarfin gwiwa. In ina tafiya a hankali lafiya lau, amma da zarar na ji motsi a baya na fizgi hannu da sauri sai kawai in ga mutumina yana kallon sararin samaniya yana juyi, wani lokacin kuma takalminsa yake kallo, ana ta zuba masa harsashi shi yana nazarin gajimare. Daga baya na san dalili, ido mai araha akwai iyakar gudun da yake iya bi, in ka wuce ta sai ya rikice ya jefa ka inda ya ga dama. Ga kuma ɗan maɓallin DPI nan ƙarƙashin tayar mawus, cikin ruɗu na danna shi ban sani ba, gudu ya ninka, na hango mutum a gefen ƙofa na sakar masa wuta ashe namu ne, kuma shi ne yake ɗauke da bam. Abin da na ji a kunnena daren nan ba zan iya rubutawa ba ko da na iya Rashanci. Suka kaɗa ƙuri'a suka kore ni, ba ko mutum ɗaya da ya tsaya min.

Da ƙanina ya zo ya ce bari ya saka min G HUB, manhajar kamfanin da ake saita DPI da kalar fitila. Ya saka, ya jona mawus, manhaja ta ce a jona na'ura. Ya cire ya canja rami, ta ce a jona na'ura. Ya kalle ni ya kalli mawus ya ce "Yaya, kamfanin fa bai san shi ba." Na ce netwok ne. Ya ce ba ruwan netwok. Na ce kai yaro yaushe aka haife ka, ɗaga ka ji nauyi. Ya ɗaga, ya yi shiru irin na ladabi, ya ce bari ya je sallah, alhali ko kiran La'asar ba a yi ba.

Ana cikin haka Gwaggo ta zo daga ƙauye za a duba mata ido, yanar ido ce ta fara rufe mata guda. Ta ce ita ba za ta kwana a ɗaki ba zafi, a shimfiɗa mata a falo. Ni kuma daren nan na rufe laftof ban kashe ta ba, ban kuma zare mawus ba, kuma ashe wasu laftof ɗin ko suna barci ramin USB yana ba da wuta. Tsakar dare aka ɗauke wuta, falo ya yi duhu ɗulum, sai abu ɗaya a kan tebur yana haske a hankali yana dusashewa, ya sake kawowa da wata kalar, ga doguwar jela ta sauko ƙasa.

Ita Gwaggo ba ta cikin masu ihu, mace ce da ta sha kashe maciji a rumbu. Yadda ta ba mu labari daga baya, da ta farka ta gan shi sai ta karanta Ayatul Kursiyyu, ya yi kore. Ta karanta Falaƙi da Nasi, ya yi shuɗi. Ta ce masa in kai mutum ne ka yi magana in kuma mutanen ɓoye ne mu baƙi ne ba mu zo da sharri ba, sai ya yi ja. Ta ce to da ya yi jan nan ne ta san ba sulhu yake so ba. Ta lallaɓa kicin da laluben bango ta ɗauko taɓaryar jajjage.

Ƙarar da ta tashe mu ba ta mawus ba ce, ta gilas ce. Na fito da fitilar waya daga ni sai gajeren wando, na tarar da Gwaggo tsaye riƙe da taɓarya tana haki, tebur ya rabe, katakon albasa ya faɗa ciki, laftof Allah ya tsare tana kan kujera. Ta ce "Ɗan nan ka gode wa Allah da ya kawo ni gidan nan, da wa kake gaba?" Madam tana bayana ba ta ce uffan ba, teburinta kawai take haskawa, kuma duk mai aure ya san wannan shirun.

Da na tattara gawar sai ga wani guntun ƙarfe ya faɗo daga ciki, baƙi, har da tsatsa, an manna shi da gam a jikin murfin. Da safe na ɗauko sikelin da madam take auna fulawar kek, na ɗora tarkacen duka tare da ƙarfen ya haura giram 120, na cire ƙarfen ya dawo ƙasa da 85 ɗin ma. Ina cikin wannan lissafin Gwaggo ta miƙo hannu ta ɗauke ƙarfen ta ƙulle a bakin zani, ta ce wannan shi ne asirin, za ta kai wa malaminsu ya warware. Na ce Gwaggo abin kwamfuta ne fa, 'yan kasuwa ne suke sakawa don ya yi nauyi. Ta ce "Yo ai ka ji, da ma sai da hannun mutum."

Na zuba sauran a leda na koma shago raina a ɓace, na shirya maganganu tun a cikin adaidaita. Mai shago ya buɗe leda ya leƙa ya ce "Innalillahi, Alaji mota ce ta taka shi?" Na ce bar wannan, ƙarfen mene ne na gani a ciki? Ya ce ai don kar ya dinga zamewa ne, kuma garanti ba ya ɗaukar duka. Na ce manhajar kamfani ma ba ta gane shi ba. Sai ya dafa ƙirji ya ce "Au, wai orijina orijina kake so? Ai da ka faɗa min tun farko." Ya sunkuya ƙarƙashin kanta ya zaro wani kwalin da ba shi da maraba da na farko, ya ce wannan dubu 35 amma saboda abin da ya same ni in kawo 33. Har na miƙa hannu zan jinjina na tuna, na mayar da hannuna aljihu.

A wani shagon daban na saya daga baya, kuma wannan karon da ƙanina na je, laftof a jaka, muka jona a gaban mai kaya sai da G HUB ta nuno hotonsa da sunansa sannan na tura kuɗi. Shafal yake a hannu har sai da na ji kamar an cuce ni. Ya saita min 800, na sayi shimfiɗar mawus mai faɗi, mutumina ya daina kallon sama, yanzu yana kallon wanda zai kashe shi ido da ido. Tebur kuma kuɗinsa ya ninka na mawus biyun a haɗe, kuma madam ce ta zaɓa, ni biya kawai na yi.

Labari ya riga ya zaga dangi, Kawu ya kira ya yi min jaje ya ce in rage shiga mutane, wata 'yar'uwarmu ta aiko da turaren hayaƙi da habbatus sauda. Madam ta sa doka fitilar sabon a kashe take dare da rana, kuma in na tashi in zare shi in kulle a durowa, don Gwaggo za ta dawo bayan sallah a yi mata aikin idon.