Ƙannena, ku cire hannu daga uwar kuɗi

Ranar Talatar da ta wuce na shiga babbar kasuwar Garwa, a arewacin Kamaru, sayen sukari, sai na tarar ana ɓalle katakan wani shago ana lodawa a amalanke. Mai shagon tun yana goye na san shi, a unguwar Hausawa muka tashi da yayyensa. Wata tara ke nan da kawunsa ya sayar da shanu biyu, mahaifiyarsa ta kwashi adashinta, aka haɗa masa sefa dubu 800 ya zuba kayan masarufi. Na ja shi gefe na ce, "Ƙanena, me ya faru?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, kasuwa ce babu, kuma ina jin an sa mini hannu."

Wallahi har yanzu da nake rubutun nan raina a ɓace yake. Wane hannu? Sau nawa na zauna a bencin shagon nan ina kallo? Mai shayi ya kawo, a buɗe akwatin ciniki. Aboki ya zo da kukan rashin lafiya, a buɗe akwati. Kuɗin mai a babur, kuɗin data, tsire da yamma, anko na bikin abokin aboki, duk daga akwatin nan, kuma ko sau ɗaya ban ga ya ɗauki biro ya rubuta ba. Hannun da ya kashe shagon nan nasa ne.

Matsalarku samarin yanzu, kun kasa bambance ciniki da riba. Ka sayo katan ɗin sabulu dubu 10, ka sayar dubu 11, sai ka ga dubu 11 a hannunka zuciya ta ce maka kai mai kuɗi ne. Dubu ɗaya ce taka, ita ma kafin a cire kuɗin dako, hayar shago, wuta da haraji. Sauran dubu 10 na sabulu ne, dole su koma su sayo sabulu. Wanda yake zarar dubu biyu kullum yana cewa ai ba wani abu ba ne, ya zauna ya lissafa: dubu 60 ke nan a wata, dubu 720 a shekara. Ku duba jarin yaron nan ku duba wannan lissafi. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Manomin auduga da ke kai wa kamfanin auduga na SODECOTON kaya ya san sai an cire bashin taki kafin ya ƙirga nasa. Mai albasa a Marwa ba ya dafa irinsa don ya ji yunwa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, kai kuma ka shanye na cikin, sa'an nan kana zagin rijiya.

Ban ce kasuwa da sauƙi ba. Tun da Najeriya ta cire tallafin man fetur a 2023, zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake shigowa da shi daga Najeriya ana sayarwa a bakin titi, ya yi tsada, kuɗin mota daga Mubi da Yola ya tashi, kowa ya ji a jikinsa. To amma lokacin da riba ta ƙanƙance ai shi ne lokacin ɗaure aljihu. Ku kuwa a lokacin ne kuke sauya waya. Kuma wayar nan ta ƙara lalata abin, domin kuɗin shago da na aljihu duk suna cikin asusun waya na Orange Money ko MoMo guda ɗaya, da tsakar dare kana kwance kana tura jari ba tare da ka ji nauyinsa a tafin hannu ba.

Bari ma in faɗi wadda ta fi ci mini rai. Cacar ƙwallo. Yaro yana zaune a shago, mai saye na sallama, shi kuwa idonsa na kan wasan da ake yi a Ingila domin ya zuba kuɗin katan biyu na taliya. Haramun ce, asara ce, kuma kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Ga masu haɗiyar ƙwaya da sunan ƙarfin aiki, su ma kuɗin daga akwatin nan yake fita. Komai ka bi diddiginsa, a akwatin nan zai tsaya.

Sai kuma kunyar ƙarya. Ɗan'uwa ya ɗauki buhun shinkafa ya ce sai ƙarshen wata, ka kasa rubutawa wai kada ya ji haushi. Alhali ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Baƙara, umarni ce a rubuta bashi. Ka fi Allah sanin zumunci ne? Ku taimaki dangi, ban hana ba, amma daga rabonku. Ku yanka wa kanku abin da za ku ci, ku nemi littafi ko na 'yan makaranta ne, ku ji tsoron Allah a kan dukiyar da aka damƙa muku.

Na tuna iyayenmu fatake masu goro da masu atamfa. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, dare ɗaya kayan waje suka yi tashin gwauron zabo, amma da yawansu ba su rufe rumfa ba. Mahaifina aljihu biyu ne a 'yar cikinsa. Na dama na kaya ne, na hagu na gida, kuma na sha ganin mun kwana da kunu alhali na daman cike yake. Yaron shago sai ya shekara bakwai ko takwas a hannun ubangida, yana shara, yana dako, yana koyon ƙirga, kafin a sallame shi da jari. Yau wa zai yarda ya yi ko wata shida? Kowa so yake a kira shi Alhaji kafin ya iya ɗaure buhu. Dattawan da za su tsawata sun ƙare, waɗanda suka rage kuma sun yi shiru don gudun rashin kunya.

Da zan bar kasuwa ran nan na hango mahaifiyar yaron tana tsaye nesa da amalanken, ta ja mayafi ta rufe fuska. Har yanzu ba ta gama zubin adashin da ta kwasa ba.