Ranar da na je tarbar sarakuna

Da maƙwabcina ya ce mu je fadamar da ke kudu da garin Lawrence, a jihar Kansas ta Amurka, mu ga wucewar sarakuna, sai na ɗauka wani biki ne. Na zuba farar shadda, na kafa hula, na fesa turare. Sai da muka isa na gane ashe malam-buɗe-littafi ne, irin wanda suke kira monak, wato sarki, mai fukafukai ruwan lemo da baƙin zane.

Duk watan Satumba sukan ratsa ta nan daga Kanada da arewacin Amurka, su nufi tsaunukan Michoacan a Meziko su yi hunturu, tafiyar da kan haura kilomita 4,000. Abin da nauyinsa wajen rabin giram ne kawai! Ni kuwa daga mota zuwa bakin ruwa har na fara haki.

Wata dattijuwa ta miƙo mini raga mai dogon mariƙi. Ta ce in na kama, a manna masa 'yar takarda mai lamba a fiffiken baya a sake shi, in an tsince shi a Meziko a san ta inda ya bi. Ta nuna mini ganyen da tsutsarsa ke ci. Na tsinka, farin ruwa ya ɓulɓulo. Na ce ai ɗan'uwan tumfafiya ne! Dafinsa ne ma ke sa tsuntsaye ba sa marmarin cin sarkin.

Can na hango wani a kan fure. Na laɓaɓa, na kai raga, ya matsa. Na bi, ya ƙara matsawa. Idona na sama, ban ankara ba sai ji na yi tsulum, taɓo har gwiwa. Na zaro ƙafa, takalmi ya ce shi ya samu wurin zama. Amma da na duba raga, ga shi a ciki yana fafutuka.

Na fito ina ɗingishi, ina ɗaga raga kamar mai dawowa daga yaƙi. Wata yarinya da ba ta wuce shekara 7 ba ta leƙa, ta ce, "Wannan ba shi ba ne." Ta nuna mini wani baƙin layi da ya gitta fiffiken baya. Wai mai kama da shi ne, ƙarami, kuma ko Meziko ba ya zuwa. Ita ta riga ta kama tara.

Da dare Inna ta kira ta bidiyo, ta hango shaddar a shanye. Na kwashe labari na ba ta. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Yanzu kai duk kuɗin jirgin nan, fara ka je kamu?" Na ce ba fara ba ce, Inna. Ta ce gara ma fara, ko ba komai ana soyawa.